Hatimin Nashu Aurel

Litinin, 6 ga Nuwamba

An sake kashe mana ɗumin ofis, wai tsimi ake yi. Ga ni zaune da kwat da safar hannu ina buga rahoto a kan yadda jama'a za su adana ɗumi a gidajensu. Da mu biyar ne a ɗakin nan. Yanzu ni ce da tebura huɗu marasa kowa.

Maƙwabciyata har gobe tana zaton mita nake karantawa. Na gaji da yi mata bayani: akwai injiniyoyi masu lasisi da ke shiga gini su ga ta inda ɗumi ke zurarewa, su rubuta abin da za a gyara, su buga hatimi, sannan gwamnati ta saki kuɗin gyara. Ni kuma aikina in tabbatar da gaske sun shiga. Lardi uku, mace ɗaya.

Shugabana Domnu Lupascu, wato Malam Lupascu, ya bugo daga hedikwata a Bukares, babban birni. Ya ce, "Doamna Otilia, kin san abin da masu lasisin nan ke biya bai isa man motarki ba? Sauran duk daga aljihun talaka yake fita." Na ce ai motar tun bazara tana gareji. Ya yi kamar bai ji ba. Wai ana shawarar rufe ofisoshin larduna, a riƙa duba komai ta kwamfuta daga can.

Na ce to.

Laraba, 8 ga Nuwamba

'Yata Sanda ta kira daga Torino, can ƙasar waje. "Mama, me kike gadi a can? Baba ya rasu, ofis na mutuwa. Ki zo ki riƙe jikarki." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Wata tsohuwa ta zo daga Podu Lung, tafiyar awa guda a bas. Profira sunanta, ita ce shugabar mazauna wani bene mai hawa huɗu a Titin Tasha. Gajeruwa, da ɗankwali, da baki kamar reza. Ta dire mini kwalbar zakuska, miyar gauta da tattasai, a kan tebur tun kafin ta gaisa.

Na ce, "Tanti, ba ma karɓar komai a nan."

Ta ce, "Ba cin hanci ba ne, 'yar nan, tausayi ne. Dubi fuskarki."

A damina aka lulluɓe benensu da farin soson nan mai riƙe ɗumi, aka sa sababbin tagogi. Ta ce kafin a sa wa benen riga sanyi suke sha, yanzu ɗumi kamar cikin tanda, amma bango na zubar da hawaye, kuma duk wanda ya yi wanka sai ya fito kansa na sarawa. Mijinta, Nea Costache, ya yi amai sau biyu.

Na tambaye ta wa ya duba musu ginin.

"Wani wai Injiniya Tudose. Sunansa kawai muka ji. Shekara arba'in ina zaune a bakin taga, da ya shigo da na ga ƙeyarsa."

Na rubuta sunan kamar ban san shi ba. Na ce ta riƙa barin taga a buɗe idan an kunna hitar gas mai dafa ruwan wanka. Ta ce, "A Nuwamba? To me amfanin rigar?"

Aurel Tudose. Nashu, wato uban aurenmu. Shi ya riƙe mana kyandir a coci ranar aurena da Dorel.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Abincin rana a gidan Nashu kamar kowace Lahadi ta biyu. Matarsa Nasha Veta ta yi miyar kabeji da tuwon masara. Na lura da yadda yake tashi daga kujera: hannu biyu a kan tebur, haƙora a cije. Matakala uku na ƙofar gidansa ma sai da hutawa.

Yana ta raha. "'Yata mai farautar mu! Wa kika kama wannan makon?" Na ce babu. Ya ƙara mini giyar plam ɗinsa.

Lokacin da Dorel yake kwance a asibiti, mutumin nan ne ya riƙa kwana a kan benci don in samu barci. Na ci tuwona, na yabi miya, na dawo gida. Ban tambaye shi zancen benen ba.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na nemi izinin zuwa Podu Lung. Doka ta ce ba na taka gini sai da umarni a rubuce daga hedikwata. Lupascu ya ce kuɗin tafiye-tafiye na bana ya ƙare, sai Janairu. Na'urar da nake auna gubar gas da ita kuma wa'adin tantance ta ya wuce, babu kuɗin sabuntawa, don haka duk abin da ta nuna a idon doka ba ta nuna ba.

Ana biyana albashi in zauna in tsare ƙofar da aka hana ni buɗewa.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Ruwa duk yini. Ba abin rubutawa.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Tanti Profira ta bugo daga asibiti. Nea Costache ya faɗi a banɗaki da safe. Da ba ta ji ƙarar faɗuwar ba... Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar. Likita ya ce iskar gas ce, mara wari, mai kashewa a hankali. Zai rayu.

Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "To, 'yar nan, yanzu kuma takardar wa kike jira?"

Litinin, 20 ga Nuwamba

Na tafi da kuɗin aljihuna, ba umarni, da na'urar da doka ba ta yarda da ita ba.

Daga waje benen gwanin sha'awa, fenti ruwan ƙwai. Sai na zagaya baya na ɗaga kai. Kafofin iskar da ke bangon kowane kicin, babu ko ɗaya. An shafe su da soso, an yaɓe, an yi fenti. A ciki kuwa kusan kowane gida da tsohuwar hitar gas, irin wadda ke shan iskar ɗaki. Da can tsofaffin tagogin da ke yoyon iska su ke ceton su ba su sani ba. Duk wanda ya leƙa kicin guda ɗaya da ya rubuta da manyan baƙi: kada a toshe kafofin nan.

A hawa na uku na kunna hita, na'urar ta fara ihu kafin ruwan ya yi zafi.

Na kira masu gas suka rufe na benen gaba ɗaya. Nan fa aka yi mini caa a matakala. Wani ƙato da singileti ya ce, "Wa ya aiko ki? Da me zan yi wa yara wanka, da rahotonki?" Wata ta ce daga Bukares aka turo ni in ci da guminsu. Tanti Profira ta fito da muciya a hannu. "Vasile, rufe mana baki! Kai da ba ka wanka sai Ista, yau ka zama mai son ruwa?" Aka kwashe da dariya, aka watse.

Na ari sukurdireba na huda soson kicin ɗin Tanti Profira da hannuna ta taga. Iska ta shigo, sanyi ƙalau.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Na je wurin Nashu. Nasha Veta ta tafi kasuwa, na gode Allah.

Bai yi musu ba. Ɗan kwangila ne ke turo masa hotuna ta waya, shi kuma ya yi lissafi a teburinsa ya buga hatimi. Kafin aiki da bayan aiki duka. Tun da gwiwa ta ƙi shi haka yake yi.

Na ce, "Nashu, kai ka koya mini cewa gini ba a saninsa sai da ƙafa."

Ya ce, "Da ƙafar wa? Yaran da suka ci jarrabawa duk sun tsere Jamus ko birnin Yashi. A lardin nan ni kaɗai na rage da hatimi. In na ajiye, wa zai sa hannu? Mutane su ci gaba da daskarewa?" Sai kuma muryarsa ta tashi. "Kowace shekara ina biyan kuɗin lasisi, ina zuwa kwas ɗinku in yi gyangyaɗi. Sau nawa kuka zo kuka duba ni? Sau nawa, Otilia?"

Ba ko sau ɗaya a shekarun nan. Ya sani, na sani.

Na gaya masa wani tsoho ya kusa mutuwa. Ya kalli hannuwansa. Ya ce, "Shekararsa nawa?" Na ce kusan sa'anka ne.

Da zan fita ya ce, "Rubuta abin da kika gani, 'yata." Da ya roƙe ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Na rubuta. Na tura. Na sha shayi a tsaye.

Talata, 28 ga Nuwamba

Lupascu ya fara da faɗa: wa ya ba ni izini, da wace na'ura. Da ya gama sai ya sassauta murya, wai a gaskiya rahoton ya yi kyau, amma ba shi da ikon dakatar da kowa. Sai kwamitin ladabtarwa ya zauna: farfesoshi biyar daga jami'o'i daban-daban, da jirgin ƙasa, da otal, da alawus. Ba kuɗi sai sabuwar shekara. Kafin nan an daina karɓar duk takardar da ke da hatimin Tudose.

Da la'asar magajin garin Podu Lung ya zo da kansa, hula a hannu, fuska a murtuke. Benaye goma sha ɗaya ke jiran gyara, dukansu da hatimin Nashu a takardunsu. In ba a sake duba su kafin ƙarshen bazara ba, kuɗin gyaran da Turai ta bayar ya koma inda ya fito. Mai lasisi daga Yashi yana neman abin da garin ba zai iya biya ba, kuma sai ya ga dama.

Ya ce, "Doamna injiniya, saboda rami a bango kin hana mutum dubu ɗumi."

Na ce ramin ne babu, shi ne matsalar. Bai yi dariya ba. Ni ma.

Lahadi, 3 ga Disamba

A coci Nasha Veta ta ga ni ta juya wa hotunan tsarkaka fuska har na wuce. Shekara talatin tana kirana 'yarta.

Laraba, 6 ga Disamba

An huda kafofin iska a Titin Tasha, an maido da gas. Ɗan kwangila ya yi a kwana biyu da ya ji ana maganar kotu. Aikin da tun farko bai fi na yini ɗaya ba.

Ciwon baya. Ban ci abincin dare ba.

Asabar, 9 ga Disamba

Nashu ya bugo da sassafe. "Kina da aiki yau? Raka ni wani wuri."

Ɗan maƙwabcinsa ya kai mu Podu Lung a mota. Ya sa kwat ɗinsa na biki, har da taye. A gindin matakala ya tsaya ya ɗaga kai, na ce bari in kira Nea Costache ya sauko. Ya ce, "Shi ya sauko mini? A'a."

Na shiga ƙarƙashin kafaɗarsa. Ban san yana da nauyi haka ba. A kowane hawa sai ya zauna a kan matakala yana huci, gumi na zuba a cikin wannan sanyi. Ƙofofi suna buɗewa kaɗan-kaɗan, idanu na leƙe. Vasile mai singileti ya fito zai yi magana, ya dube shi, sai kawai ya kama ɗaya hannun.

Tanti Profira ta buɗe. Ta dube shi sama da ƙasa. "Au, ashe kana da ƙafa."

Ya ce, "Sauranta ke nan, Doamna."

Nea Costache na zaune da bargo a cinya, ya rame. Nashu ya tsaya a gabansa, ya ƙi zama, ya ce shi ne Tudose, shi ya sa hannu bai zo ba, ya zo neman gafara. Tsohon ya daɗe yana dubansa. Sai ya ce, "Zauna kafin ka faɗi, mu zama biyu. Profira, kawo kwalbar."

Ta kawo, amma ta dangwarar da ita da ƙarfi. Ta ce, "Shi ya yafe. Ni ina tunani tukuna."

Kafin mu sauka ya shiga kicin ya tsaya gaban hitar, ya sa yatsa cikin kafar iskar.

A mota ya ciro hatiminsa daga aljihu ya ɗora mini a cinya. "Kai musu. Kada su wahalar da farfesoshi."

Litinin, 11 ga Disamba

Na gaya wa Lupascu mutumin ya ajiye hatiminsa da kansa, a rufe magana. Wai ba ta rufuwa. Tunda an buɗe fayil dole kwamiti ya zauna. Na ce kuɗin zaman nan zai gyara motata, ya tantance na'urata, har ya rage. Ya ce aljihun daban ne.

Kullum aljihun daban ne. Wandon dai ɗaya.

Litinin, 25 ga Disamba

Kirsimeti ni kaɗai. Sanda ta nuna mini jikata ta waya tana yaga takardar kyauta. Na dafa sarmale, naɗin ganyen kabeji da nama, da yawa, ban san wa na dafa wa ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Bukares. Kwamiti ya zauna a wani ɗaki mai ɗumi har sai da na cire kwat. Biskit, kofi, ruwan kwalba. Nashu bai zo ba, ya aiko da takardar likita. Suka saurare ni cikin ladabi. Wani farfesa mai farin gemu ya tambaya ko na'urata tantacciya ce. Na ce a'a, amma huhun Nea Costache tantacce ne, likita ya duba. Ɗaya daga cikinsu ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Kafin azahar suka ƙwace lasisin da hatiminsa ke cikin durowar Lupascu tun Disamba. Ni kuma gargaɗi a rubuce saboda shiga gini ba umarni.

A baranda Lupascu ya gaya mini ofishina zai rufe ƙarshen Fabrairu. Zan iya yin ritaya da wuri. Ya ce, "Kin huta, Doamna Otilia." Na ce wa zai riƙa shiga gidajen? Ya ce masu lasisi za su riƙa ɗora hotuna a kwamfuta.

Hotuna.

Na yi barci a jirgi tun daga tasha har gida.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Sanda ta yi murna. Ta riga ta share mini ɗaki.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Tanti Profira ta zo gidana, ban san inda ta samo adireshin ba. Ƙanwarta na zaune a ɗaya daga benayen nan goma sha ɗaya, tana kwana da hula da safa biyu.

Ta ce, "An ce ke ma injiniya ce."

Na ce ni mai duba masu dubawa ce, ba ni da lasisi. Doka ta hana in riƙe biyun.

"To ai sun kore ki. Dokar ta sake ki ke nan."

Na ce akwai kwas, akwai jarrabawa, akwai kuɗi, kuma shekarata hamsin da shida, kuma bayana, kuma 'yata na jira. Ta bar ni na gama jerowa tana shan kofina. Ta ce, "Ni saba'in da huɗu, na hau bas na zo. Kofin nan naki ruwa ne."

Ta tafi. Tsohuwar nan ta cika naci.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Na kashe fitila, na miƙa mukulli ga maigadi. Ya tambaya ko tebura za a sayar. Ban sani ba.

Laraba, 6 ga Maris

Na je na karɓo takardun neman shiga kwas. Don in gani ne kawai. Duk abin da na shekara ina tilasta wa mutane su kawo, yau ni ake tambaya: shaidar digiri mai hatimin lauya, shaidar ba ni da laifi, shaidar shekarun aiki daga ofishin da ya riga ya rufe. Yarinyar da ke tagar ta ce hotona ya yi girma. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna da bakina na sha faɗar wannan magana.

Kuɗin kuwa ya cinye abin da na ajiye na tikitin Torino. Na gaya wa Sanda sai bayan bazara. Ta ce, "Mama, na san wannan muryar."

Lahadi, 10 ga Maris

Nashu ya aiko da littattafansa na lissafi cikin kwali. A ƙasa akwai burodin cuku naɗe a tawul. Ba a rubuta komai ba, amma na san hannun da ya murza shi.

Litinin, 18 ga Maris

Yashi, ranar farko ta kwas. Bas tun da duhu, baya na ciwo, ajin cike da yara sa'annin Sanda. Ɗaya ya ba ni kujera ya ce, "Zauna, Tanti," yana zaton na rako wani. Jarrabawa a Mayu, benayen kuma kafin ƙarshen Yuni. Ko zan ci, ko lokacin zai isa, Allah masani. Wauta ce, na sani.

Ana cikin darasi wani yaro ya ɗaga hannu ya ce idan gini na da nisa, ai hotuna masu kyau sun wadatar ko? Malamin ya ɗaga kafaɗa zai amsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ba su labarin wani kicin a hawa na uku, ban ambaci suna ba. Na yi ta magana, na je allo na zana musu hita da taga da bango, har malamin ya ja kujera ya zauna. Da na juyo duk suna rubutu. Kunya ta kama ni.

A lokacin hutu uku suka biyo ni da tambayoyi, ban samu cin burodina ba.

Ba wai daɗi na ji ba. Gajiya ce dai irin wadda na manta da ita, ta ƙafa da maƙogwaro. Gobe ma aji da safe. Na riga na goge takalmina.